Mai Bututu da Zara Matar Wata

Wai don an yi maka dariya za ka ajiye abin da ka sa gaba, Ɗanjuma? Haba! Zauna ka ji. An yi wani mai gyaran rediyo da ya haɗa madubin hangen nesa da bututun ruwa da gilasai, ya ɗaure wayarsa a bakin madubin da roba. Burinsa ɗaya, ya ɗauki bidiyon tauraron ɗan Adam yana gittawa ta gaban Zara matar wata. Abin ƙiftawar ido ne, sai lissafi ya nuna maka ranar da inda za ka tsaya. Ga Zara ba ta zama wuri ɗaya a madubi, sai kana bin ta da hannu a hankali. Wata huɗu yana jira. Ran nan bayan magariba ya kafa bututunsa a bakin hanyar gona, saura ƙiris, sai ga surukinsa a kan keke. Yaya zai yi? Ya saki bututu ya durƙusa: ina wuni, ina gajiya. Kafin a kai ga "yaya iyali" tauraro ya wuce, waya ta ɗauki baƙin sama kawai. Gari ya ɗauka, aka laƙaba masa Mai Bututu. Surukin ya ce magidanci ba ya wasan yara, in aka sake fita aka dawo hannu Rabbana, da kansa zai sa gatari ya faskara abin.

Ya ji zafi, wallahi, amma ko gezau. Da lissafi ya sake ba da rana, tsohon ya zo da gatarinsa da 'yan kallo, ya rangaɗa sallama yana jiran durƙuso. Mutumin ya amsa sallama, ido a kan waya, hannu a kan bututu, ya ce, "Baba, a gafarce ni, yau gaisuwa sai ta jira." Jama'a suka ɗauki salati. Sai ga wani ɗigo baƙi ya ratsa hasken Zara, fit! Sannan ya durƙusa har ƙasa, ya gaida surukinsa tsaf, ya miƙa masa wayar da hannu biyu. Tsoho ya sa aka maimaita masa sau uku, ya jingine gatari, ya tambaya yaushe ne na gaba.

To, tashi ka koma kan aikinka. Zakaran da Allah ya nufa da cara, ko ana muzuru ana shaho sai ya yi.