Hankicin Matar Bature

Ina 'yar ƙarama Baba ya kai ni kallon rawar Turawa a Gusau. Dillalin auduga ne, Baturen da yake saya wa kaya ne ya gayyace shi. Inna ta yi mini kitso, ta rangaɗa mini kwalli, muka tafi da la'asar.

Garmaho na ta kuka, maza sun rungumi matan da ba nasu ba suna juyi. Wannan bai dame ni ba. Matar Baturen ce ta fito daga rawa tana haki, ta zaro farin hankici daga hannun rigarta, ta fyace majina a ciki, ta ninke shi tsaf kamar mai ajiyar goro. Mu a gidanmu a ƙasa ake fyacewa, a tura turɓaya da ƙafa.

Sai ta hango ni, zufa ta zubo mini da kwalli a kumatu. Ta duƙo, ta tofa wa hankicin nan miyau, ta shiga goge mini fuska. Ga ɗumi, ga danshi, ga warin giya.

Na ja da baya. Baba, mutumin da ko moɗar da wani ya kai baki ba ya sha sai an ɗauraye, ya riƙe mini ƙeya yana washe haƙora.

"Tsaya mana, ɗiyata. Gata ta ka yi maki."

Yau ina da jikoki, fuskar matar ta daɗe da ɓace mini. Dariyar Baba ce ta ƙi ɓacewa. Duk ran da na tuna ta, sai na tashi na wanke fuska.