Ranar da Doña Ta Ari Rigata

Sabuwar mai binciken kamfani ta ƙwanƙwasa ƙofa ina kwance a gadon Doña, tsohuwar da nake jinya, bayana ya riƙe tun da na cicciɓo ta daga banɗaki. A kamfaninmu na jinya a birnin Cali, mai jinyar da bayanta ya lalace sai sallama.

"Ja bargo, ki yi mini shiru," in ji Doña. Shekararta tamanin da ɗaya, ni sittin da uku. Ta zura farar rigata ta aiki, ta cusa sandarta ƙarƙashin gado, ta tafi tana dafa ƙarafan bango, wai ƙarfinsu take gwadawa.

Yarinyar ta ƙirga magunguna, ta ɗanɗana gishirin miya.

"Tana ba ki wahala?" ta tambayi Doña.

"Ga ci, ga gulma, ga munshari. Haƙuri kawai nake, 'yar nan."

Yarinyar ta juya tafukana, ta daɗe tana kallo. "Tsohuwar nan ta sha wuya. Ko cokali kada ta ƙara ɗagawa. Doka ce."

Shekara ashirin da biyu ina yi musu bauta, sai da na hau gadon mai biyan kuɗi suka ga hannuwana.