Rawogo Ya Kama Mai Cinna Wuta

Rawogo ya hango wani tsoho yana cinna wa daji wuta, ya daka tsalle ya faɗa masa ta baya, suka zube cikin ciyawa, bakin wutar da ke hannun tsohon ya yi gefe. Yau ya fara aikin tsaron dajin gwamnati, gwajin wata guda, ga shekara arba'in da bakwai, ga gwiwa mai ƙara. Ya san in daji ya ƙone a gabansa, sai gida.

Wutar ta riga ta kama. Ya ɗaure tsohon da igiya, ya karyo ɗanyen reshe ya shiga jibgarta, hayaƙi na shaƙe shi, girarsa na ƙauri, har ta mutu murus.

"Ɗana, saurara mana..." in ji tsohon.

"Rufe min baki, baba! Don gafiya ɗaya za ka ƙone mana daji?"

Ya zaro rediyon oba-oba, ya kira Tinga Zongo, shugaban masu aikin wuta, wanda bai taɓa gani ba.

"Ranka ya daɗe, na kama mai cinna wuta!"

Sai ya ji muryarsa tana fitowa daga aljihun tsohon.

Tsohon ya tofar da ƙasa daga bakinsa. "Wutar farko ce ka kashe. Mukan ƙone ciyawa tun da sauran ɗanyenta, don gobarar rani ta rasa abinci. Kwana tara ina jiran iska ta kwanta."

Rawogo ya dubi igiyar da ya ɗaure shugabansa da ita.

"In kana son aikin nan, gwarzo, kwance ni ka sake kunna ta."