Gyara Ba Shi da Lamba

Tun da aka kafa dokar lamba, ko mudu ɗaya ba ya fita daga kasuwa sai na'urar rumfa ta ba shi tasa lambar.

Da hantsi Ladidi ta zo awo wajen Tabawa mai gero, kamar yadda ta saba shekara ashirin. Tabawa ta auna mata mudu uku, na'urar ta kira lambobi uku a jere. Ladidi ta tsaya, ba ta ɗaure bakin buhunta ba.

"Yaya, yau ma ba gyara?"

"Sau biyu ina zuwa ofishin masu dokar," in ji Tabawa a gajiye. "Sun ce ciniki na da lamba, gyara kuwa ba shi da gurbi. Abin da ya fita ba lamba, sata ne."

Can ta cika tafinta da gero, ta yi kamar ya kuɓuce mata a tabarma. Ladidi ta durƙusa da ciwon gwiwarta tana tattarawa.

Na'urar ta ce cikin ladabi, "Zubewa, lamba ta ɗaya."

Tabawa ta dubi tafinta. Ta ɗaya. Ashe har an tanadi ta biyu.