Ranar da Baba Ya Yi Kuka

Na tarar da Baba durƙushe a tsakar gida yana rusa kuka. Saura kaɗan tiren shayi ya suɓuce mini.

Mutumin da shagon ɗinkinsa ya ƙone ƙurmus ya yi murmushi! Ranar da Mama ta rasu, shi ya riƙa ba masu ta'aziyya haƙuri. Shekara goma ina haɗiye hawayena don in zama kamarsa.

A tafin hannunsa farar tantabararsa ce, ta mutu.

Na ce, "Baba, ko a kan Mama ban ga hawayenka ba. Ina natsuwar da ka koya mana?"

Ya fyace hanci, ko kallona bai yi ba.

"Wace natsuwa? Ita wannan ai ina son ta."