Ruwan Sabulu a Birkin Baba

Shekarar fari, da soja suka rufe iyaka, man birki ya ɓace a Maraɗi. Baba ya kwance tayar baya ta motarsa, ya tarar nasa man ya tsiyaye. Ya dama sabulu da ruwa ya zuba. Ya ɗora ni kan kujerar direba, ya shiga ƙarƙashin motar.

"Taka, uwata. Ya yi tauri?"

Birkin ya nutse har ƙasa. Amma washegari zai ɗauko mana hatsi daga Jiratawa, ga gidan babu ko tiya guda.

"Ya yi, Baba."

Ya yi dariya. Ban ƙara jin dariyarsa ba. Har yau, in ƙamshin sabulun wanki ya buge ni, ƙafata takan danna ƙasa.