Sa Hannun Hosea Tarver

Teburin kicin na gidan Tarver ya shekara goma sha ɗaya yana rawa. Bana ya daina, kuma ba wanda ya tambayi dalili, don yaran gidan masu ilimi ne, ba sa kallon ƙasa. A kansa Lavonne, jikar gidan, ta baje takardunta ranar Litinin, ta dafe kai, ta ce an cuce ta.

An cuce ta ɗin. Shekara goma sha biyu tana fiɗar kaji a masana'antar da ke bayan garinsu a jihar Alabama ta Amurka. Turawa mata uku ta koya wa riƙon wuƙa, duka ukun sun zama shugabanninta, ta ƙarshen ma har yau ba ta bambance ƙundu da hanta. Lavonne baƙa ce, kuma ta iya ƙirga. Ta kai koke ofishin da aka buɗe domin irin wannan. Suka yi wata takwas suna nazari, suka ce sun duba ko'ina, ba su ga launin fata a maganar ba.

Ba ta ma san sun faɗa ba. Sai da ta gaji da jira ta buga waya, wata mai zaƙin murya ta sanar da ita cewa an kai mata hukunci gida tun uku ga Maris, kuma kwana talatin ake ba mutum ya nemi a sake dubawa. Ranar kwana arba'in da ɗaya ke nan. Su wata takwas, ita kwana talatin, kuma ita ce mai jinkiri.

"Kaka, ba ki ga wasiƙata ba?"

Kakarta, Mama Ozella, ba ta ɗago daga ganyen da take yankawa ba. "Wacce ce taki a cikin takardun duniya? Kin taɓa ganina ina karatu? Matsar min da tarkacenki, masu aiki na son wuri."

Lavonne ta ɗauki lauya, wani Mista Gaines, mai kwat da ƙamshin turare da girgiza kai. Ya ce wa'adi ba ya jin kuka. Ƙofa ɗaya ta rage: a nuna cewa wasiƙar ba ta shiga hannun kowa a gidan ba. Ya nemi ɗan koren katin da ake sa wa hannu in an karɓi wasiƙar gwamnati, aka aiko da shi. Ga suna nan ɓaro-ɓaro, manyan baƙaƙe, kowanne a tsaye kamar an yi masa wanka: Hosea Tarver.

"Wane ne wannan?" in ji lauyan.

"Kakana."

"To an gama, 'yar'uwa. Babba ne a gidan. In ya karɓa, ke kika karɓa."

"Shekararsa goma sha ɗaya a maƙabartar bayan coci."

A ranar Lavonne ta san lauyanta yana da haƙora, don murmushin da ya yi.

Aka kira mai raba wasiƙu. Ya ce shi gida ɗari huɗu yake zagawa, kuma in ya zo gidan Tarver karen gidan yake kallo, ba fuskar mutane ba. A coci aka rabu biyu. Maza suka ce masana'antar na da ɗan'uwa a gidan waya. Tsoffin mata suka ce ai Hosea ko da ransa ba ya barin abu ya wuce bai sa hannu ba.

Mista Gaines ya zo gidan da kansa, don a cika ƙa'ida. Aka ba shi burodin masara da shayi mai ƙanƙara, ya buɗe littafinsa.

"Mama, yi haƙuri da tambayar. Kina karatu da rubutu?"

"Na haifi bakwai, na binne miji, ban taɓa zama a aji ba, kuma ba wanda ya taɓa kwana da yunwa a gidan nan. Rubuta wannan, ɗan nan."

Ya rubuta: ba ta yi makaranta ba. Ya ƙara burodi, ya yaba wa teburin, ya tafi.

Ya haɗa takardar neman sake dubawa da shaidar mutuwar Hosea, ya aika. Masanan ofishin suka zauna wata huɗu kafin su gano cewa mamaci ba ya karɓar wasiƙa. Suka yafe jinkirin, suka sake buɗe koken, har aka sa ranar da shugabannin nan uku za su zo su yi bayanin yadda suka wuce malamarsu. Wannan wasiƙar kam Lavonne ta ɗauki hutu ta tsare bakin ƙofa ta karɓa da hannunta.

"Kaka, Allah ya tona asirin mai ƙirƙirar sa hannun nan."

"Bar wa Allah aikinsa, ke ki yi naki. Ɗauki jakarki, kin makara."

Da ƙarar motar Lavonne ta ɓace, Mama Ozella ta durƙusa da ƙyar, ta ɗaga ƙafar teburin, ta zaro wata ambulan mai kauri da aka ninka huɗu, da hatimin mikiya na gwamnati a goshinta. Ta jefa ta a murhu, ta cusa guntun kwali a madadinta. A gidanta, takardar gwamnati maigida ke karɓa, ko yana nan ko ba ya nan, kuma abu ɗaya tak Hosea ya koya mata rubutawa a duniya: sunansa.